Yadda Ake Haɗa Tsohon Rumbun Ajiya a Matsayin Na Biyu Don Kwafe Fayilolin da Ke Cikinsa

Idan kwamfuta ta ƙi tashi, ko babban allonta na ciki, wato motherboard, ya ƙone, ko kuma Windows ta lalace har ba ta buɗewa, galibi rumbun ajiyarta, wanda masu gyara ke kira had dis, yana nan lafiya lau tare da takardu da hotuna da bidiyon da aka zuba masa. Hanya mafi sauƙi ta ceto su ita ce a ciro rumbun, a haɗa shi da wata kwamfuta mai lafiya a matsayin rumbu na biyu, a buɗe shi a kwafe abin da ake buƙata. Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida guda wadda kusan kowane mataki a ƙasa ya rataya a kanta: kada a rubuta komai a kan tsohon rumbun, kada kuma a yarda da duk wani gyara ko tsarawa (wato format) da Windows za ta nemi yi masa, sai bayan an kwafe fayilolin an tabbatar suna buɗewa a wani wuri.

Bayanin ya ginu ne a kan Windows 10 da Windows 11, kuma an rubuta kalmomin da za su fito a fuskar kwamfuta yadda suke da Turanci domin mai karatu ya gane su idan ya gan su.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne kwamfuta mai lafiya wadda kake da izinin mai gudanarwa, wato administrator, a kanta, domin akwai matakan da ba za su yiwu ba da asusun baƙo. Sai wurin da za a zuba fayilolin, ko dai sarari isasshe a rumbun kwamfutar mai lafiya, ko kuma wani rumbu na waje. Ana buƙatar ƙaramin sukundireba mai bakin tauraro, da ɗan kwano ko murfin kwalba na tara sukurorin da aka kwance.

Sai abin haɗawa, wanda ya danganta da hanyar da ka zaɓa. Idan a cikin kwamfutar tebur za ka saka rumbun, wayar SATA ɗaya, wato wayar da ke haɗa rumbu da babban allo, ta ishe ka, muddin akwatin wutar kwamfutar yana da ragowar bakin wuta. Idan ta USB za ka haɗa, sai ka nemi adaftar USB zuwa SATA, ko gidan rumbu wanda a kasuwa ake ce wa kesin.

Abu na ƙarshe, wanda ake yawan mantawa da shi, shi ne tsayayyiyar wuta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafa na iya lalata tsarin rumbun da dama ya raunana, saboda haka a yi aikin da laftof mai cikakken caji, ko a jona kwamfutar tebur da UPS ko inbata.

Mataki na 1: Gane irin rumbun da ke hannunka

Rumbun kwamfutar tebur babba ne, ana kiransa mai inci 3.5, na laftof kuma ƙarami ne siriri mai inci 2.5. Idan duka biyun na SATA ne, bakinsu iri ɗaya ne: ƙaramin baki mai fil 7 na bayanai, da babba mai fil 15 na wuta, kowanne da ɗan lanƙwasa a gefe ɗaya yadda waya ba za ta shiga a juye ba. Wannan yana nufin ana iya ɗaukar rumbun laftof a jona shi kai tsaye a cikin kwamfutar tebur ba tare da wata adafta ba.

Bambancin da ya kamata a kula da shi na wuta ne. Ƙaramin rumbu bolt 5 kawai yake ci, kuma ramin USB yana ba da wannan. Babban rumbu yana buƙatar bolt 12 ƙari a kan bolt 5, abin da USB ba ya bayarwa, don haka dole adaftarsa ta zo da nata abin jonawa a bango. Masu koyo da yawa sukan jona babban rumbu da adafta maras wuta, su ji shi shiru, su yanke hukuncin ya mutu, alhali wuta ce ba ta kai masa ba.

Tsofaffin kwamfutoci na zamanin Windows XP sukan zo da rumbun IDE, mai faffaɗan baki da fil 40 a na tebur, ko 44 a na laftof. Sabbin alluna ba su da ramin wannan, sai dai a nemi adaftar USB mai baki uku wadda ke karɓar SATA da IDE babba da ƙarami. Sabbin laftof kuwa yawanci suna ɗauke da SSD, wato rumbun da ba shi da faifai mai juyawa, irin na M.2, ɗan siririn allo da sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Shi ma kashi biyu ne, akwai mai aiki da SATA, akwai NVMe, kuma gidan ɗaya ba lallai ya karanta ɗayan ba, don haka a karanta takardar da ke manne a jikinsa kafin a je kasuwa. Wasu ƙananan laftof masu araha an narka ma'ajiyarsu a jikin allo, ba ta ciruwa. Mai irin wannan ya tsallaka zuwa bayanin da ke ƙasa na tayar da kwamfuta da filashin Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ba Windows ba.

Mataki na 2: Ciro rumbun

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka zare wayar wuta daga bango, idan laftof ce mai batirin da ke fita ka cire shi, sannan ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wutar da ke ciki ta fice. Kafin ka taɓa komai a ciki, taɓa ƙarfen jikin akwatin kwamfutar ko wani ƙarfe babba. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum ke jin ɗan tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, domin irin wannan tartsatsin ya isa ya kashe allon da ke ƙasan rumbu.

Zare wayoyin ta hanyar riƙe kan filastik ɗinsu, ka ja a miƙe ba tare da karkatawa ba, saboda bakin SATA yana saurin karyewa. Riƙe rumbun ta gefunansa, ka ajiye shi a kwance a kan tebur ko kwali. Kada ka taɓa kwance murfin rumbun kansa, domin ƙura kaɗan ta isa ta goge faifan da ke juyawa a ciki.

Mataki na 3: Haɗa shi da kwamfuta mai lafiya

Idan ta USB ne, ka fara kunna kwamfutar ta gama tashi, ka jona rumbun da adaftar, ka ba shi wuta idan babba ne, sannan daga ƙarshe ka soka USB. A kwamfutar tebur ka yi amfani da ramukan baya, waɗanda ke jikin babban allo kai tsaye, domin na gaba sukan gaza ba da isasshiyar wuta. Ramin da cikinsa shuɗi ne yawanci shi ne USB 3.0, kuma bambancinsa da na 2.0 ba kaɗan ba ne: gigabait 100 kan ɗauki kusan awa ɗaya a USB 2.0, amma a USB 3.0 kimanin minti 20 ya wadatar idan manyan fayiloli ne kuma rumbun lafiyayye ne.

Idan a ciki za ka saka, kashe kwamfutar ka zare wuta kamar yadda aka yi a baya, ka soka wayar SATA a wani rami da ba kowa a jikin allo, ɗaya kan kuma a rumbun, sannan ka jona masa wuta. Ba sai ka ɗaure shi da sukurori ba tunda aikin na ɗan lokaci ne, amma ka shimfiɗa masa kwali don kada allonsa ya taɓa ƙarfe. Wanda ba shi da ragowar waya ya zare wayoyi biyun da ke bayan na'urar DVD ya ara, ya mayar bayan an gama. Ni na fi son wannan hanya ta ciki idan ina shakkar lafiyar rumbu, domin adaftoci masu arha sukan yanke haɗi da zarar rumbun ya yi jinkirin amsawa.

Mataki na 4: Tabbatar kwamfutar ta tashi daga nata rumbun

Wannan ya shafi wanda ya saka rumbun a ciki ne kawai. Tunda tsohon rumbun ma yana ɗauke da Windows, kwamfutar na iya ƙoƙarin tashi daga gare shi, wanda hakan zai sa ta fara rubuce-rubuce a kansa. Da zarar ka kunna, danna maɓallin shiga BIOS (saitin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi), wanda yawanci F2 ne ko Del, a injinan HP kuma F10. Nemi inda aka rubuta "Boot Order" ko "Boot Priority", ka tabbatar rumbun kwamfutar na asali ne a sama. Yayin da kake wurin, duba jerin rumbunan da injin ya gani. Idan sunan tsohon bai fito ba, matsalar ta waya ce ko wuta ko rumbun kansa, kuma babu abin da Windows za ta iya yi a kai, sai a kashe a sake duba haɗin.

Mataki na 5: Saurari rumbun, ka duba lafiyarsa

Lafiyayyen rumbu mai faifai yana fara juyawa da ɗan amo mai laushi, ya yi 'yar ƙara kaɗan, ya daidaita. Idan ka ji yana ƙas-ƙas a jere ba ƙaƙƙautawa, ko yana tashi yana mutuwa, ko yana ƙugi kamar ana goga ƙarfe, cire masa wuta nan take. Kowane minti da ya ƙara yana juyawa a wannan hali yana rage abin da ƙwararru za su iya cetowa. Shawarar da ake yawan bayarwa ta saka rumbu a firiji ko bubbuga shi ba ta da amfani, tana ma jawo danshi ya taru a ciki.

Idan amonsa daidai ne, saka manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, a kan kwamfutar mai lafiya. Tana karanta rahoton da rumbun ke ajiyewa game da kansa, ta nuna "Good" ko "Caution" ko "Bad", tare da zafinsa. "Caution" na nufin an fara samun gurɓatattun wurare, don haka sai ka fara da fayiloli mafi muhimmanci ba tare da ɓata lokaci ba. Idan zafin ya haura digiri 50, abin da ke faruwa da sauri a watannin bazara, juya masa fanka.

Mataki na 6: Nemo rumbun a cikin Windows

Buɗe File Explorer ka shiga "This PC". Idan komai ya tafi daidai za ka ga sabon harafi, kamar D ko E ko F. Ka lura cewa ɓangaren da a tsohuwar kwamfuta ake kira C yanzu ya sami wani harafi, domin C na kwamfutar da kake kai ne.

A nan ne aka fi yin asara. Taga na iya fitowa tana cewa "You need to format the disk in drive E: before you can use it" (ko da wani harafi a maimakon E). Danna "Cancel". Wata kuma na iya tambaya ko a duba rumbun a gyara shi, da kalmomin "Scan and fix"; zaɓi "Continue without scanning". Manhajar gyaran Windows, wato chkdsk, burinta ta daidaita tsarin rumbu ko da hakan na nufin yanke fayilolin da ta kasa fahimta, kuma a kan rumbu mai rauni tana iya ƙarasa shi.

Idan harafi bai fito ba, danna maɓallin Windows tare da X ka zaɓi "Disk Management". Masu amfani da Windows ta Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi za su gan shi da sunan "Gestion des disques". A ƙasan tagar za ka ga rumbunan a jere, Disk 0, Disk 1, da sauransu. Gane naka ta girmansa, tare da sanin cewa rumbun da aka rubuta wa gigabait 500 zai nuna kimanin 465, mai terabait 1 kuma zai nuna kimanin 931. Abin da za ka yi ya danganta da abin da aka rubuta:

Idan an rubuta "Offline", danna sunan rumbun da maɓallin dama na linzami ka zaɓi "Online".

Idan babban ɓangaren ya nuna NTFS, wato tsarin fayilolin Windows, da "Healthy" amma ba harafi, danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi "Change Drive Letter and Paths", sannan "Add", ka ba shi harafin da ba kowa. Ƙananan ɓangarorin da ke gefensa, masu suna irin su EFI ko Recovery ko System Reserved, babu fayilolinka a ciki, ka bar su yadda suke.

Idan aka ce "Not Initialized" kuma taga ta nemi ka zaɓi MBR ko GPT, rufe ta. Wannan tambaya ta sabon rumbu ce wanda ba komai a cikinsa. Ga tsohon rumbu, sau da yawa alama ce ta ƙarancin wuta ko adafta maras kyau, don haka gwada wata waya ko wani rami kafin ka zargi rumbun.

Idan aka rubuta "RAW", tsarin fayilolin ya gurɓace, sai a koma ga bayanin rumbu mai rauni a ƙasa. Idan kuwa rumbun daga Mac ko Linux ya fito, Windows ba ta karanta tsarin APFS da HFS+ da ext4 da kanta, don haka za ta nuna ɓangaren ba tare da suna ba ko ta nemi a tsara shi. Lafiyarsa ƙalau, sai dai a buɗe shi a irin injin da ya fito.

Mataki na 7: Makulli da izini

Idan ka ga hoton kwado a kan harafin, rumbun yana kulle da BitLocker. Wannan ya zama ruwan dare a sabbin laftof, domin da yawa suna kulle rumbunsu da kansu idan mai su ya shiga da asusun Microsoft, ba tare da ya ma sani ba. Mabuɗin lamba ce mai alƙaluma 48, kuma mai kwamfutar zai same ta idan ya shiga asusunsa a account.microsoft.com/devices/recoverykey daga waya ko wata kwamfuta. Idan injin na ma'aikata ne ko makaranta, lambar tana hannun sashen kula da kwamfutocinsu. Ba tare da wannan lamba ba babu mai gyaran da zai iya buɗe shi, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin hakan kuɗinka kawai zai ci.

Izini kuwa abu ne daban, kuma mai sauƙi. Idan ka shiga foldar Users ka danna sunan tsohon mai amfani, Windows za ta ce "You don't currently have permission to access this folder". Dalili shi ne tsarin NTFS yana rubuta lambar asusun mai kowane fayil, kuma asusunka na yanzu baƙo ne a wurinsa ko da sunanku ɗaya. Danna "Continue" yana buɗe foldar bayan ɗan jira, wani lokaci mintuna da yawa idan fayilolin suna da yawa. Sai dai wannan dannawa rubutu ce a kan tsohon rumbun, domin Windows tana bin fayilolin tana ƙara sunanka a izininsu. A kan lafiyayyen rumbu babu damuwa. A kan mai rauni, ko wanda ake son mayarwa cikin injinsa ya ci gaba da aiki, gara a bar wannan a yi amfani da manhajar kwafa mai suna robocopy kamar yadda za a nuna a mataki na 9. Ko ta yaya, kada ka mayar da mallakar rumbun gaba ɗaya ko foldar Windows zuwa asusunka.

Idan rumbun na wani ne ya kawo maka, ka tambaye shi tun farko foldojin da yake so, ka tsaya a kansu.

Mataki na 8: Sanin inda fayilolin suke

Yawancin abin da mutum ya ajiye yana cikin Users, ƙarƙashin sunansa, a foldojin Desktop, Documents, Downloads, Pictures, Videos da Music. A Windows ta Faransanci foldar tana bayyana da sunan Utilisateurs, a rumbun Windows XP kuma sunanta Documents and Settings. Duba har da foldar Public, da saman rumbun inda mutane kan ƙirƙiri folda kai tsaye, da ɓangare na biyu idan an raba rumbun, domin masu gyara da yawa sukan ware ɓangaren D don ajiya. Manhajojin lissafin shago da na makaranta sukan ɓoye ma'ajiyar bayanansu a cikin foldarsu ta Program Files ko ProgramData, saboda haka a tambayi mai kwamfutar ko yana amfani da irinsu.

Akwai ɓoyayyiyar folda mai suna AppData a ƙarƙashin sunan mai amfani, wadda ba ta bayyana sai an kunna "Hidden items" a sashen View. Tsofaffin wasiƙun Outlook, fayiloli masu ƙarewa da .pst, suna cikin AppData\Local\Microsoft\Outlook ko Documents\Outlook Files. Bayanan Firefox suna AppData\Roaming\Mozilla\Firefox\Profiles. Shafukan da aka adana a Chrome suna cikin fayil mai suna Bookmarks a AppData\Local\Google\Chrome\User Data\Default, amma kalmomin sirrin Chrome ba za su buɗe a wata kwamfuta ba domin an ɗaure su da tsohon asusun Windows.

Abu biyu ba sa kwafuwa ta wannan hanya. Manhajoji irin su Word da CorelDRAW sai an sake saka su daga tushe. Fayilolin da ke foldar OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, kuma wasunsu suna ne kawai, ainihinsu yana intanet, sai mai su ya shiga asusunsa ya sauke.

Mataki na 9: Kwafa

Ƙirƙiri folda ɗaya a wurin da za ka zuba, ka sa mata suna da kwanan wata. Idan filashi ne ko rumbun waje, duba tsarinsa tukuna, domin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, kuma bidiyon biki ko na taro kan wuce haka; NTFS da exFAT ba su da wannan matsala. Kullum ka zaɓi "Copy", kada ka zaɓi "Cut", domin yankewa tana goge na asali, kuma idan aikin ya tsaya a tsakiya sai a rasa sanin abin da ya tafi da abin da ya rage. Fara da takardu, sai hotuna, sai manyan bidiyo a ƙarshe, folda ɗaya bayan ɗaya. Tayar da kwafa uku ko huɗu lokaci guda yana sa allurar da ke karanta faifan rumbun ta riƙa kai da komo, aikin ya ƙara jinkiri.

Ga aiki mai yawa, robocopy da ke cikin Windows ta fi File Explorer. Rubuta cmd a wurin bincike, ka zaɓi "Run as administrator", sannan ka rubuta umarni irin wannan a layi ɗaya, kana sauya haruffa da sunaye da naka:

robocopy "E:\Users\Suna" "D:\Ceto" /E /B /XJ /R:1 /W:1 /TEE /LOG:D:\rahoto.txt

Na farko shi ne inda za a ɗauko, na biyu inda za a zuba, kuma a duba su sau biyu kafin a danna Enter. /E yana kwafe duk foldojin ciki. /B yana ba mai gudanarwa damar karanta fayilolin ba tare da an taɓa izininsu ba, wanda shi ne babban amfaninsa a nan. /XJ yana tsallake wasu hanyoyin ɓoye da ke cikin foldar mai amfani, waɗanda idan ba a tsallake su ba sukan sa kwafar ta yi ta zagaye a wuri ɗaya. /R:1 da /W:1 suna cewa a sake gwada fayil mai gardama sau ɗaya bayan daƙiƙa ɗaya a wuce. Idan ba a sa su ba, robocopy tana sake gwadawa har sau miliyan ɗaya da jiran daƙiƙa 30 kowane karo. /LOG yana rubuta rahoto, /TEE kuma yana nuna shi a fuska yayin aiki. Idan wuta ta katse, sake ba da umarnin yadda yake, za ta tsallake abin da ta riga ta kwafa. Za ka ga wasu na ba da shawarar /MIR, amma ka guje shi, domin yana goge duk abin da ke wurin zubawa wanda babu shi a wurin ɗaukowa.

Idan babu kwamfuta ta biyu ko adafta

Muddin injin yana kunnuwa kuma Windows ce kawai ta lalace, ba sai an ciro rumbun ba. A wata kwamfuta, ko a shagon intanet, sauke Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda duk nau'ikan Linux ne, ka zuba shi a filashi mai gigabait 8 ko fiye da manhajar Rufus, wadda za ta goge duk abin da ke filashin. Soka shi a kwamfutar da ta lalace, ka danna maɓallin zaɓen tashi, F12 a Dell da yawancin Lenovo, F9 a HP, ka zaɓi filashin. A Ubuntu zaɓi "Try Ubuntu", kada ka kusanci "Install". Rumbun zai bayyana a manhajar fayiloli, kuma Linux ba ta kula da izinin NTFS, don haka foldar Users za ta buɗe kai tsaye, sai ka kwafe zuwa rumbun waje. Wani lokaci za ta buɗe rumbun don karatu kawai saboda Windows ba ta mutu gaba ɗaya ba a ƙarshen amfani da ita, kuma wannan bai hana kwafa ba. BitLocker dai yana nan, sai da lambarsa.

Idan rumbun yana da rauni ko ya nuna RAW

Idan kwafa tana tsayawa, ko sauri yana faɗuwa zuwa sifili yana dawowa, hanya mafi aminci ita ce a ɗauki hoton rumbun gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, zuwa wani rumbu da ya fi shi girma da manhajar ddrescue ta Linux, wadda ke fara kwashe wurare masu lafiya kafin ta koma kan masu wuya, sannan a yi sauran aikin a kan hoton. Kuskuren sanya sunan rumbu a umarninta yana iya shafe abin da ake son cetowa, don haka mai koyo ya nemi wanda ya saba. Ga ɓangaren da ya zama RAW a kan rumbu mai lafiya, TestDisk takan iya nuna foldojin ta bari a kwafe su, PhotoRec kuma tana tono fayiloli amma ba tare da sunayensu na asali ba. Duk abin da aka tono a zuba shi a wani rumbu daban.

Mataki na 10: Tantancewa da cirewa

Danna foldar asali da maɓallin dama ka zaɓi "Properties", ka rubuta adadin fayiloli da girman da ke gaban "Size", sannan ka kwatanta da na kwafin. Idan robocopy ka yi amfani da ita, buɗe rahoton ka je ƙarshensa, ka duba ginshiƙin FAILED. Duk lambar da ba sifili ba tana nufin akwai fayilolin da suka ƙi, kuma sunayensu suna cikin rahoton kusa da kalmar ERROR. Lissafi kaɗai bai isa ba, don haka buɗe wasu takardu da hotuna daga foldoji daban-daban, ka ja bidiyo ɗaya ko biyu zuwa ƙarshensu ka ga suna tafiya.

Bi foldar da ka kwafa da Microsoft Defender ko wata manhajar kariya kafin ka buɗe duk wani fayil mai ƙarewa da .exe, musamman idan tsohuwar kwamfutar ta shagon buga takardu ce inda filashi ke shiga yana fita dukan yini.

Idan ta USB ka haɗa, rufe duk tagogin da ke nuna rumbun, ka danna "Safely Remove Hardware" kusa da agogo, ka jira amon juyawarsa ya tsaya kafin ka ɗaga shi. Idan a ciki yake, kashe kwamfutar ka zare wuta tukuna, ka mayar wa na'urar DVD wayoyinta idan ka ara. Saka rumbun a ledarsa ta kariya ko ka naɗe shi da takarda, ka rubuta sunan injin da ya fito da kwanan wata a jiki, ka ajiye shi nesa da zafi da danshi na aƙalla 'yan makonni ba tare da an goge shi ba, domin yawanci sai mai shi ya koma aiki sosai yake tuna wata folda da ba a kwafo ba. Bayan wannan lokaci, idan CrystalDiskInfo ta nuna "Good", ana iya tsara shi a Disk Management a ci gaba da amfani da shi a matsayin rumbun ajiya na biyu.